Tambaya da Amsa: Na raba takardun tambayoyi, mutane sun ƙi cikawa

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, soshiyoloji (ilimin zamantakewar al'umma) nake karanta, furojek ɗina, wato binciken kammala karatu, kan tallar 'yan mata ne. Na buga takardun tambayoyi na raba a Pantami amma wallahi rabi basu dawo ba, waɗanda suka dawo ma da alama mutum ɗaya ne ya cike da yawa, rubutun iri ɗaya. Dan Allah ya zanyi?
Wani ɗalibi, Gombe

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanena. To kai da kanka ka duba, wa ka miƙa wa takardar? Uwar da take ɗora wa 'yarta tallar awara tana cikin gida, ƙila bata karanta boko ba, kuma takardar da turanci ka rubuta, dole ta miƙa wa ɗanta na sakandire ya cike mata, shi ko gwanin cikawa ya haɗa da na maƙwabta. Sannan duk wanda yaga baƙo da biro yana tambayar nawa ake samu, tunaninsa ko haraji ne ko rijistar tallafi, kowanne kuwa zai sa ya faɗa maka abinda ba shi ba.

Irin wannan bincike hira yake so, da zama kana kallo. Fara da gaida mai unguwa ka faɗa masa abinda ya kawo ka. Gida kuma ba shiga, nemi wata 'yar ajinku ta shiga wajen matan da tambayoyin da Hausa, in sun yarda ta ɗauki murya a waya. Ba yau aka fara ba, wani masani mai suna M.G. Smith da yazo bincike ƙasar Zazzau a 1949 matarsa Mary ce ta riƙa zama da wata tsohuwa, Baba ta Karo, tana rubuta labarinta, har ya fito a littafi a 1954.

Kai kuma je bakin tasha ka zauna sati guda, ƙarfe nawa yaran suke fitowa, su wa suke saya. Ranar farko zasu nutsu don sun ganka, sai sun saba da fuskarka tukun.

Kada kuma ka tsaya kan layinku kawai don sun sanka, shiga Bolari da Jekadafari ma. Takardun masu rubutu iri ɗaya ka ware su, ka faɗa wa sufabaiza, malamin da yake duba furojek ɗinka, gaskiya.