Bi Layi Kafin Ka Kwance Waya

Ɗana, jiya muna rufe shagonmu na gyaran waya ka jefo mani tambaya, na ce ka bari sai da safe. Cewa ka yi, "Baba, wai don me ake ce wa abin nan waya, alhali ko zare babu a jikinta? Kuma ina ruwan aikinku na da da namu, da kullum sai ka ce in bi layi?" To, ajiye sukudireban nan, jawo benci.

Sunan gado ne. A zamaninmu waya ce ta gaske, ta jan ƙarfe, sili biyu, ta taso daga ɗakin haɗa layi ta bi falwaya ɗaya bayan ɗaya har cikin falon mutum. Da na kama aiki, P&T ake ce wa ma'aikatar, wasiƙa da tarho uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa har gobe inda ake aika wasiƙa sunansa gidan waya. A 1985 aka raba gari: NIPOST ta ɗauki wasiƙa, ɓangaren tarho kuma aka haɗa shi da NET mai kula da kiran ƙasashen waje, aka sami NITEL, kamfanin tarho na gwamnati. Lokacin muna cikin jihar Kaduna, sai a 1987 Katsina ta zama jiha. Lambar kiran garinmu Katsina 065, Kano 064, Kaduna 062. Ko cikin barci ka tashe ni zan kawo maka su.

Wa ke da layi? Fada, ofisoshin gwamnati, asibiti, banki, gidajen GRA, sai ɗaiɗaikun attajirai a cikin birni. Ranar da aka ba Nijeriya 'yanci a 1960, layukan ƙasar duka ba su kai dubu 19 ba, kuma har 2001 ba su cika rabin miliyan ba. Saboda haka gidan da ke da tarho a unguwa ya zama na kowa. Wani zai kira daga Legas ko daga Makka, a ce mashi ya kashe ya sake kira bayan minti goma, a tura yaro da gudu ya kira wance daga cikin lungu. Masu gidan sukan maƙala ɗan kwaɗo a faifan lambobi don kada a ja masu bil. Ai kuwa yara sun fi kwaɗon wayo. Faifan nan ba abin da yake yi illa ya katse layi ya mayar: ka juya biyar ya katse sau biyar, sifili sau goma. Sai yaro ya riƙa ƙwanƙwasa mazaunin kan tarhon da yatsa, kira ya tafi, kwaɗo na nan a kulle. Ƙarshen wata maigida ya zo mana da takarda yana rantsuwa ba shi ya yi ba. Gaskiyarsa, ba shi ba ne.

Layin nan da wutarsa yake zuwa. A ofis akwai jerin manyan batura masu ba da bolt 48, don haka ko an ɗauke wuta a gari ka ɗaga tarho za ka ji shi da rai. In kira ya shigo kuwa, wutar da ke kaɗa ƙararrawa takan haura bolt 70. Ni a jikina na koyi wannan. Wata damina ina kan falwaya wajen Ƙofar Ƙaura, hannuna a jiƙe, na riƙe sili ɗaya da haƙori ina fere ɗayan, sai wani bawan Allah ya kira layin. Bel ɗin da na ɗaure ƙuguna da shi ne ya hana a kwashe ni a ƙasa. Kwana biyu ina jin ɗanɗanon ƙarfe a baki, maigidana kuwa dariya ya yi har da hawaye kafin ya ce sannu.

Shi ya koya mani abin da nake maimaita maka. In aka kawo ƙarar layi ya mutu, sabon shiga gidan mutum yake rugawa ya kwance tarho. Maigidana ba ya haka. Sai ya je akwatin da ke tsakiyar hanya, ya maƙala ɗan tarhonsa na gwaji. In ya ji layi, matsalar tana gaba, wajen gida. In shiru, tana baya, wajen ofis. Ya sake raba ragowar biyu, ya sake rabawa, kafin azahar ya dafa wurin. Kuma kowane lokaci da cutarsa. Da damina ruwa ke shiga mahaɗar kebul, magana ta riƙa shuu kamar ana suya, wani lokaci ma ka ji hirar wasu a layinka. Da hunturu ƙura ce ke hawa bakin na'ura. Gara ta ci gindin falwaya, babbar mota mai lodin da ya wuce kima ta tsinke wayar da ta ƙetare titi, ɓarayin jan ƙarfe su yanke kebul cikin dare. A cikin ƙara goma da wuya ka sami biyu da laifin tarhon ne.

Sai 2001 ta zo. A watan Janairu hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin salula, kowane dala miliyan 285, a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai sai ka ajiye wajen naira dubu 20, minti ɗaya naira 50, ko daƙiƙa biyar ka yi. Masu lema da tebur suka cika bakin titi suna sayar da kira, har Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashi ya fara sauka. Mu kuma muna kallo wayoyinmu suka zama masaukin tsuntsaye da wurin maƙalewar leda. Da furfurata na zauna na koyi gyaran fanel, wato allon da ke cikin wayar salula.

Amma layi bai tafi ko'ina ba, ɓuya ya yi. Tsakanin wayarka da ƙarfen sabis dai babu igiya. Daga ƙarfen zuwa gaba akwai kebul a ƙasa ko faranti mai kallon wani faranti, ga batir, ga janareta mai shan gas. Ka tuna Satumbar 2021, da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda 'yan bindiga? Mutanen Batsari da Jibiya sai sun shigo Katsina suke gaida 'yan uwa. A makon farko har da masu kawo mana waya wai ta daina kamawa, alhali lafiyarta lau. Na san masu gyaran da suka karɓi kuɗin mutane a kan haka, Allah Ya shirye su.

To, ga wayar hajiyar nan da aka ce ba ta caji, na ga har ka kunna abin hura zafi. Kashe shi. Sa mita a bakin caja ka gani ko bolt 5 na fitowa, ka canza igiya, ka haska ramin cajin da tocila. Jakar da ake zuba goro da daddawa aka ciro ta, ina kyautata zaton abin da ke cikin ramin nan tsinken sakace ma ya ishe shi. In duk wannan lafiya, ka auna batir, ka faɗa mani nawa ka gani. Fanel sai na zo.