Tambaya da Amsa: A ina saƙon farko ya ƙare?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina koyon rubuta manhaja da harshen Python. Na adana sunayen manoma da na ƙauyukansu a fayil guda da tsarin JSON (wani salon adana bayanai a rubuce), saƙo bayan saƙo, ba tare da alama a tsakani ba. Ina karanta na farko da raw_decode, umarnin Python mai warware JSON, sannan in matsa cikin fayil ɗin gwargwadon lambar da ta ba ni, amma sai na biyu ya ƙi karantuwa. Yaya zan san adadin bayit ɗin da aka cinye?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina kyautata zaton haruffanmu masu lanƙwasa ne suka kama ka. Lambar da raw_decode take mayarwa ƙidayar haruffa ce, shi kuwa fayil da bayit ake auna shi, wato ma'aunin girman bayanai a kwamfuta, kuma a tsarin UTF-8, wanda ake mayar da haruffa zuwa bayit da shi, ma'aunan biyu ba sa zuwa ɗaya sai idan rubutun bai wuce haruffan Ingilishi ba. Kowane ɗaya daga cikin ƙ da ɗ da ɓ da ƴ bayit 2 yake ci. Kalmar "ƙauye" haruffa 5 ce amma bayit 6, saboda haka duk wani ƙ ko ɗ da ke cikin saƙon farko yana rage maka taki guda, har ka tsaya kafin ƙarshensa kana tsammanin ka shiga na biyu. Abin takaicin shi ne wanda ya gwada manhajarsa da sunaye irin su Musa da Kano kawai ba zai taɓa ganin wannan kuskure ba, sai ranar da Ɗanbatta ta shigo.

Gyaran ba shi da wuya. Ko dai ka karanta fayil ɗin gaba ɗaya a matsayin rubutu, ka riƙa yanka rubutun da lambar da aka ba ka, ko kuma ka mayar da ɓangaren da aka karanta zuwa UTF-8, ka auna tsawonsa, sannan ka matsa da wannan adadin.

Akwai wani tarko da za ka tarar a gaba. Yawancin laburaren manhaja (shiryayyun kayan aikin masu rubuta manhaja) da ke warware saƙo ba sa ɗibar bayit ɗaya-ɗaya, suna kwasar da yawa ne su ajiye domin sauri. CodedInputStream, mai karanta saƙon Protocol Buffers (wani tsarin adana bayanai daban da JSON) a harshen Java, alal misali, yakan ɗebi har bayit 4096 a lokaci guda, ko da saƙonka bayit 30 ne kacal. Idan ka tambayi fayil ɗin inda aka tsaya, zai faɗa maka abin da aka ɗiba, ba abin da aka warware ba. Mai warwarewar za ka tambaya, kuma saboda haka ne aka tanadi getTotalBytesRead a Java, da InputOffset da aka ƙara wa harshen Go a fitowa ta 1.14 a shekarar 2020, da byte_offset a laburaren serde_json na Rust.

Amma da ni ne kai, tun wajen rubutawa zan kashe maganar. Saƙon Protocol Buffers ba ya nuna ƙarshensa da kansa, shi ya sa writeDelimitedTo take fara rubuta tsawon saƙon kafin saƙon, ta yadda mai karatu zai san iyakarsa tun bai taɓa shi ba. Tsawon da bai kai 128 ba bayit 1 ya ishe shi, 300 kuma bayit 2. Tunda JSON kake amfani da shi, ka sa kowane manomi a layinsa, ka karanta layi-layi, ba sai ka ƙirga komai ba.