Sarrafa rediyon Icom daga kwamfuta: me ya sa yake shiru?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsohon rediyon Icom IC-R75 don sauraron tashoshin gajeren zango. Ina so kwamfuta ta riƙa sauya mita da kanta a lokutan da na tsara. Na haɗa su da wayar USB mai kan DB9 (kai mai fil tara), manhaja ta ga tashar COM (sunan da Windows ke ba irin wannan mashiga), amma rediyon ko motsi. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ganin tashar COM ba ya nuna komai sai cewa kwamfuta ta gane wayar. Kafin ka zargi rediyon, gwada wayar ita kaɗai. Cire ta daga rediyon, ka haɗa fil na 2 da fil na 3 na kan DB9 da guntun waya, ka buɗe PuTTY ko RealTerm (manhajojin aika rubutu ta tashar COM) a kan tashar, ka buga haruffa. In sun fito a allo, wayar na aikawa tana karɓa. In ba su fito ba, leƙa Device Manager. Wayoyi masu arha da yawa na ɗauke da jabun guntun lantarki (chip) na Prolific PL2303, sabon direban Windows kuwa yana ƙin su da kuskuren Code 10. Kada ka ɓata lokaci a kansu, nemi mai FTDI FT232 ko CP2102.

Sai ka duba inda ka soka ta. IC-R75 na da hanya biyu a baya: mashigar RS-232C, da ƙaramin rami mai faɗin milimita 3.5 da aka rubuta wa REMOTE. Ba harshen lantarki ɗaya suke ji ba. RS-232 na aiki da wuta tsakanin bolt 3 zuwa 15, sama da sifili ko ƙasa da shi, REMOTE kuwa sifili zuwa bolt 5 kawai. Wanda ya jona fil na 3 kai tsaye cikin REMOTE zai iya ƙona hanyar. Ramin nan yana buƙatar mai fassara irin CT-17 na Icom, ko da'ira mai guntun MAX232, ko wayar USB da aka yi musamman don CI-V, wato tsarin da rediyon Icom ke magana da kwamfuta da shi. Tunda rediyonka na da RS-232C, tsaya a kanta. Fil uku ne ke aiki: 2, 3, da 5 na ƙasa. Wayoyin tsawaitawa iri biyu ne, miƙaƙƙiya da mai musanya 2 da 3, kuma ido ba ya bambanta su. Auna da na'urar awon lantarki (multimeter), ka gwada da abin da littafin rediyon ya nuna.

Yanzu saituna. Shiga jerin saitin rediyon, ka tsayar da saurin CI-V a 9600 maimakon Auto, ka sa 9600 a manhaja, bit 8, babu parity, bit ɗin tsayawa 1, ka kashe RTS/CTS, wato tsarin neman izini kafin aika saƙo. In aka bar wannan na ƙarshe a kunne, kwamfuta za ta zauna jiran izinin da ba zai zo ba. Adireshin IC-R75 daga kamfani 5A ne, amma kayan hannu ne, mai shi na baya zai iya canza shi, kuma rediyon ba ya kula saƙon da ba sunansa a kai. Idan ka ga saitin 731, kashe shi: na tsofaffi ne irin IC-735 masu aika mita da baiti 4 maimakon 5.

Gwajin da ke raba gardama shi ne ka aika umarni da hannunka. A RealTerm zaɓi aikawa da hex (lissafi mai lambobi 0 zuwa 9 da haruffa A zuwa F), ka tura:

FE FE 5A E0 03 FD

FE biyun buɗe saƙo ne, 5A rediyo, E0 kwamfuta, 03 tambayar mita, FD rufewa. A nan mutane ke ruɗewa. CI-V waya ɗaya ce ake magana kuma ake sauraro a kanta, don haka saƙonka zai iya dawo maka yadda ka tura shi. Wannan ba amsa ba ce. Amsar gaskiya tana farawa da FE FE E0 5A, adireshin sun juya. In naka kaɗai ke dawowa, wayar lafiya lau, adireshi ko sauri ne bai dace ba. In tarkacen lambobi ke zuwa, sauri ne.

Sanya mita kuwa da umarnin 05 ne, kuma ana jera lambobin daga ƙarshe. Ɗauki kilohaz 15400. Mayar da shi haz, ka rubuta da lambobi goma, 0015400000, raba bibbiyu, ka juya jerin:

FE FE 5A E0 05 00 00 40 15 00 FD

Rediyon zai mayar da FB idan ya karɓa, FA idan ya ƙi.

Da zarar wannan ya yi, ka huta da hex. Hamlib, manhajar sarrafa rediyo, kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux. Buga rigctl -l ka ga lambar rediyonka, wadda a Hamlib 4 ita ce 3039, sannan ka buga wannan, da lambar tasharka a madadin COM3:

rigctl -m 3039 -r COM3 -s 9600 F 15400000

A Linux tashar kan zama /dev/ttyUSB0, kuma a Ubuntu ko Debian sai ka sa kanka cikin rukunin dialout. Layin rigctl ɗin nan za ka ba Task Scheduler na Windows ko cron na Linux ya gudanar a lokacin shirin da kake so. Ka tuna manhaja ɗaya ce ke iya riƙe tashar COM a lokaci guda. In RealTerm na buɗe, rigctl ba za ta shiga ba. In kana son manhajoji biyu tare, rigctld ta Hamlib ce ke raba musu tashar.

Abin da zai biyo baya, kusan tabbas, shi ne ƙarar shuu a gajeren zango da babu ita a da. Cajar laftop da wayar USB ne ke kawo ta. Cire caja ka saurara. In ta ragu, naɗa wayar sau huɗu ko biyar a zoben ferrite (zoben rage ƙarar lantarki) mai lamba 31 kusa da rediyon, ka yi haka ma ga wayar cajar, kuma ka nisanta wayar eriya daga kwamfutar.