Panshanu ta sauke ni daga kan keke, zan iya hawa Mambila kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum koci. Ina zaune a Yelwa nan Bauchi, na sayi keken tsere na gwanjo, irin mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai. A hanyar Dass ina yin kilomita 50 ba wata damuwa, amma ranar da muka nufi Jos da abokaina, muna fara hawan Panshanu ƙafata ta mutu, numfashi ya sarƙe, dole na sauka na tura. Gashi mun ƙudurta hawa Mambila in an yi hutu. Wani yace iska ce take ƙaranci a sama, wani kuma yace in nemi ƙwaya mai ƙara ƙarfi. Dan Allah mene ne gaskiya?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanina. Kafin mu je ko'ina, ka tsuguna gefen keken nan naka ka ƙirga haƙoran giya, ƙaramin faifan gaba na wajen feda da kuma babban faifan baya na jikin taya. Ina kyautata zaton 39 za ka samu a gaba, 25 ko ma 23 a baya, dan mafi yawan tsofaffin kekunan tsere da ake shigo mana dasu gwanjo haka suke, an haɗa su ne dan gudu a miƙaƙƙiyar hanya. In haka ka gani toh ba ƙafarka bace ta gaza, keken ne bai baka giyar hawa ba.

Bari in maka lissafin. Tayar keken tsere in ta juya sau ɗaya tana cin wajen mita 2.1. Da 39 a gaba 25 a baya, duk zagaye ɗaya na feda sai ka tura kanka da keken sama da mita 3 a kan tudu, kuma in gudunka ya sauko kilomita 8 a awa, wanda shine gudun yawancinmu a hawa mai tsauri, ƙafarka na juyawa kamar sau 40 ne kacal a minti, wato ba tuƙi kake ba danne feda kake da ƙarfin tsiya, cinya ta cika gwiwa ta ɗau zafi, cikin minti goma ka gama yawo. Amma da 34 a gaba 34 a baya, a wannan gudun dai, ƙafa na juyawa sama da sau 60, nauyin ya rabu ƙanana ƙanana, zuciya da huhu su karɓi aikin, su kuwa sun fi tsokar cinya juriya nesa ba kusa ba. Kaga direban tirela mai lodin siminti ai baya jin kunyar sa giya ɗaya a Panshanu, to kai me zai sa kaji kunya?

Saboda haka kuɗin farko da zaka kashe a nan ne. Ka nemi faifan gaba mai 50 da 34, na baya kuma wanda ya kai 32 ko 34. Sai dai ka sani babban faifan baya yana buƙatar abin canja giya mai dogon hannu da kaca mai ɗan ƙarin tsawo, kar mai gyara ya ɗaura maka akan tsohon yace zai zauna da kansa, ba zai zauna ba, ranar da ka jefa kaca kan babban faifan gaba da babban na baya zai iya tsinke maka komai. In sabo yayi tsada, kayan keken dutse na gwanjo sau tari suna shiga, amma a gwada a gabanka.

Maganar iska kuma, abokinka ya ji ƙishin-ƙishin ne. Gaskiya ne in ana yin sama iska na yin shara-shara, kason iskar oksijin yana nan a 21 cikin ɗari amma kowace shaƙa ɗaya abinda take kawo ma jini ya ragu. To amma a ina? Bauchi tana wajen mita 600 daga saman teku, Jos wajen 1,200, wannan bambancin bai isa ya sauke lafiyayyen matashi daga kan keke ba. Mambila mafi yawanta wajen mita 1,600 take, a nan kam zaka ɗan ji haki ya ƙaru, ƙarfinka ya ɗan ragu kwana ɗaya biyu na farko, shikenan. Ciwon tsauni na sosai, mai ciwon kai da amai da rashin barci, galibi sai an haura mita 2,500 yake farawa, kuma ko Chappal Waddi da yafi ko'ina tsawo a Najeriya mita 2,419 ne, shi ma ba titi ke kaiwa can ba. Waɗanda kake gani a talabijin a gasar tseren keke ta Tour de France suna haura tsaunin Galibier mai mita 2,642, ko a gasar Italiya suna haura Stelvio da ta wuce 2,750, su ne iska ke ba aiki da gaske. Shi yasa ma 'yan Kolombiya da 'yan Eritiriya suke da sa'a, a sama aka haife su, Asmara kanta ta haura mita 2,300, kuma ɗan Eritiriya ne, Daniel Teklehaimanot, ya saka rigar gwanin hawa mai ɗigo-ɗigon ja a Tour de France ta 2015.

Abu na biyu da nake zargi ya kayar da kai shine farawa da zafi. Matasa in an ga tudu sai a miƙe tsaye kan feda ana rige-rige, kowa na so a ce shi ya fara kaiwa. Dogon hawa ba a masa haka. Ka shiga giya mai laushi tun kafin tudun ya kama ka, ka zauna kan sirdi, hannu a saman kan keke ba a ƙasan lanƙwasa ba dan ƙirji ya buɗe, ka riƙe gudun da zaka iya yi ma na kusa da kai magana jimla guda ba tare da ta yanke ba. In ta fara yankewa ka wuce iyaka, rage. Abokai su tafi abinsu, wallahi sau da yawa a rabin hanya zaka tarar dasu a gefen titi suna riƙe da cinya. Miƙewa tsaye kuma na ɗan lokaci ne, a kwana mai tsauri ko in baya ya gaji.

Sannan me ka ci? Kafin ka iso Panshanu ka riga ka ci tafiya mai yawa, kuma sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta baya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana aiki tuƙuru, in ya ƙare ƙafa sai ta zama kamar ba taka ba, ido ya dinga ganin duhu-duhu. Masar da ka ci da asuba ba zata kai ka Jos ba. Duk minti 30 ka jefa wani abu a baki tun kafin kaji yunwa, dabino uku ko huɗu, ayaba, biredi da zuma, ruwa kuma kamar leda ɗaya na fiya wata ko fi duk awa, gora ɗaya ka zuba mata garin gishiri da sukari ɗin nan na kemis dan zufa ba ruwa kaɗai take fitarwa ba. Kilishi da ƙuli-ƙuli ka bari sai an sauka.

Shi kuma mai baka shawarar ƙwaya, ka gaya masa labarin Tom Simpson, ɗan Ingila, zakaran duniya ne fa, a 1967 ya faɗi ya mutu a hawan Mont Ventoux ana tsananin zafi, aka samu ƙwayar amfetamin da giyar sha a jikinsa. Ƙwaya bata ƙara maka ƙarfi, alamar gajiya take kashewa, jiki na cewa tsaya kai baka ji. Tramadol kuwa tun 2019 hukumar tseren keke ta duniya ta haramta shi a gasa, ɗaya daga cikin dalilan shine jiri da gyangyaɗi da yake kawowa, ka ɗauka mutum na gangarowa da gudun kilomita 60 yana jin jiri. Kar ka soma.

Wanda baka tambaya ba kuma shi yafi damuna, gangara. Hawa wahala ce kawai, gangara ita ke kisa, har ƙwararru, Fabio Casartelli a 1995, Gino Mäder a 2023, duk a gangaren dutse suka rasu, su da aka rufe ma hanya ba motocin jama'a. Kai naka titin akwai tirela, akwai rami, akwai yashi a bakin kwana, ga shanu. Hannunka ya koma ƙasan lanƙwasa inda yatsu ke kama birki sosai, ka ɗan ja jiki baya. Ka gama rage gudu kafin ka shiga kwana ba a cikinta ba, fedar waje a ƙasa ka danne ta, ido a inda kake son fita ba kan ramin da kake tsoro ba. Birkin gaba shi ke tsayar da keke, kar ka guje shi, a hankali dai ake matsa shi tare da na baya. Kuma kar ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa, a irin keken ka robar birki jikin rim take gogawa, rim in ya ɗau zafi birki na sanyi tif ma na iya fashewa, sai dai ka matsa da ƙarfi ka saki, ka matsa ka saki, in gangarar ta yi tsawo ka tsaya ka taɓa rim ɗin, in ya ƙona yatsa ka jira. Hular kwano dole ce. Kar ka bi bayan babbar mota dan ta kare maka iska, kar kuma ka yarda tana bayanka a gangara, ka kauce ta wuce.

Toh Mambila. Hanyar ta Gombe ce, Numan, Jalingo, Bali, Serti, ainihin hawan daga Mayo Selbe yake farawa, kwana kan kwana har Maisamari, kusan mita dubu zaka ɗaga a tafiya ɗaya, daga nan kuma Nguroje zuwa Gembu hawa da sauka ne ba hutu. Ni dai shawarata ku sa kekunan a mota zuwa Serti, ku kwana, ku fara da sassafe, motar na binku a baya da ruwa da tif da famfo. Ku je da rani, damina can doguwa ce ga hazo mai rufe hanya. Ku ɗau rigar sanyi mai tare iska, dan duk mita dubu da aka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6, mutum ya jiƙe da zufa ya gangaro cikin wannan iskar hannu ma ƙin kama birki yake. Ku tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kafin ku tashi, kuma magariba kar ta same ku a daji.

Amma ba wannan hutun ba in dai saura sati biyu uku ne. Ka bani wata uku. Sau biyu a sati ka samu tudu mai cin minti biyar zuwa goma, ka hau ka sauko sau huɗu, kana ƙarawa a hankali, ran Asabar kuma doguwar tafiya da ci da sha kamar yadda na faɗa. In kana da hanyar zuwa Gombe, hawan Tula ta wajen Kaltungo makaranta ce mai kyau ta hawa da gangara duka. Ranar da ka haye Panshanu a zaune kana iya magana, ka isa Jos, washegari ka tashi gwiwa bata ciwo, ka turo min adadin haƙoran da ka sa da awannin da ka ɗauka sai mu tsara ranar Mayo Selbe. In kuma a hawa ka taɓa jin ciwon ƙirji ko bugun zuciya ya rikice, wannan ba maganar giya bace, likita zaka fara gani.