Hukuncin Kashe Dabba Domin Darasin Bayoloji

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malama ce, ina koyar da bayoloji a wata makarantar sakandare. Idan muka zo darasin kayan cikin dabba, ko jarrabawar WAEC da NECO ta gabato, akan umarci ɗalibai su kawo kwaɗi da ƙadangaru da ɓeraye da kyankyasai. Mukan shaƙa musu magani, mu kafe su a faranti mu feɗe. Wani lokacin akan buɗe kwaɗo zuciyarsa tana bugawa don yara su gani. Bana wata ɗaliba ta ƙi taɓawa, ta ce mahaifinta ya gaya mata Annabi ya hana kashe kwaɗo. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Shin wannan aikin ya halatta? Ina da zunubin abin da ya wuce? Kuma taɓa waɗannan dabbobin yana shafar alwala da salla?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya saka miki da alheri, Malama, da kika tsaya kika tambaya.

Mahaifin yarinyar nan ya faɗi gaskiya. Abu Dawud da Nasa'i da Ahmad sun ruwaito daga Abdurrahman ɗan Usman cewa wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da kwaɗo da yake son sakawa a magani, sai Annabi ya hana shi kashe shi. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta faɗi wannan a ƙarshenta: ana kashe tsaka, kuma an karhanta kashe kwaɗi. Zan dawo kan kwaɗo, amma bari mu fara daga tushe.

Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 29, shi ne ya halitta mana abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya. Da wannan ne muke yanka rago, mu hau jaki, mu yi huɗa da shanu. Amma Allahn da ya hore mana su shi ne ya ce a Suratul An'am, aya ta 38, babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fukafukansa face al'ummomi ne irinmu. An hore mana dabba don mu amfana da ita, ba a sakar mana ranta mu yi yadda muka ga dama ba. Nasa'i ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa duk wanda ya kashe ɗan tsuntsu ko abin da ya fi shi ba da haƙƙinsa ba, Allah zai tambaye shi. Aka ce mene ne haƙƙinsa? Ya ce ya yanka shi ya ci, kada ya cire kansa ya jefar. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma ma'anarsa tana da madogara a Bukhari da Muslim: matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da kuma samarin da Ibn Umar ya tarar sun ɗaure tsuntsu suna harbinsa, ya gaya musu Manzon Allah ya la'anci wanda ya mayar da abu mai rai abin koyon harbi. Ki lura da wannan hadisin na ƙarshe sosai. Samarin nan koyo suke yi, kuma harbi ilimi ne da shari'a ta kwaɗaitar a kansa. Duk da haka koyon bai halatta musu azabtar da rai ba, domin suna iya koyo da abin da ba shi da rai.

To shin ilimi yana cikin haƙƙin da ake ɗaukar ran dabba saboda shi? Eh, yana ciki, idan ilimin na gaske ne kuma bai samuwa sai ta wannan hanya. Likitanci da likitancin dabbobi da haɗa magani farilla ce ta kifaya, idan al'umma ta rasa masu yinsu kowa ya yi laifi. Ibn Zuhr, likitan Andalus da ya rasu a 1162, sai da ya gwada huda maƙogwaro a jikin akuya ya ga ta warke kafin ya ce aikin zai yiwu ga mutum. Insulin da masu ciwon suga suke rayuwa da shi a yau, a jikin karnuka aka gano amfaninsa a Toronto a 1921. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta halatta feɗe gawar ɗan Adam don koyar da likitanci a 1987, bisa sharuɗɗa, alhali alfarmar ɗan Adam ta fi ta dabba nesa ba kusa ba. Shi kansa koyarwa a jikin dabba yana da asali: Abu Dawud da Ibn Majah sun ruwaito cewa Annabi ya wuce wani yaro yana fiɗar akuya bai iya ba, ya ce masa matsa in nuna maka, ya cusa hannunsa mai albarka tsakanin fata da nama har hammata. Saboda haka wanda ya ce duba cikin dabba haramun ne ko shisshigi ne ga halittar Allah, bai yi daidai ba. Allah da kansa ya ce mu dubi raƙumi yadda aka halitta shi, ya kuma ja hankalinmu ga nonon da ke fita tsakanin tumbi da jini.

Sai dai akuyar da Annabi ya koyar da yaron nan a jikinta an riga an yanka ta don ci. A nan ne hukuncin ajinki yake. Ƙa'idar malamai ita ce bukata ana auna ta da gwargwadonta, kuma abin da aka halatta saboda uzuri yana faɗuwa idan uzurin ya kau. Sai ki tambayi kanki tsakaninki da Allah: abin da nake son 'yar aji biyar ta fahimta, sai an kashe sabon rai zai fahimtu? A ganina, a matakin sakandare amsar kusan kullum a'a ce. Babu garin da ba shi da kwata. Kowace safiya mahauta suna fitar da zuciya da huhu da hanta da ƙoda da saifa da idon sa, daga dabbobin da aka yanka da sunan Allah. Zuciyar rago ta fi ta kwaɗo girma, ɗakunanta huɗu ne kamar na mutum, ta kwaɗo kuwa uku ne, kuma yaro yana iya sa yatsa a cikin jijiyoyinta. Huhun akuya idan aka hura shi da bututu yara za su ga yadda numfashi yake da idonsu. Karfasa da tarwaɗa suna kasuwa, kaza ana yanka ta a gidajenmu. Kuma ke kin fi ni sanin cewa yawancin abin da ake nema a jarrabawar aikin hannu shi ne ɗalibi ya duba, ya zana, ya sa suna, ya faɗi bambanci. Dabba ɗaya da aka adana a kwalbar fomalin, ruwan sinadarin da ke hana gawa ruɓewa, za ta yi wa makaranta shekaru tana wannan aikin. Ga gumakan roba na koyarwa, ga bidiyo a waya. Idan waɗannan suna samuwa, tara kwaɗi da ƙadangaru cikin bokiti a kashe su a zubar a bola da yamma kisa ne ba da haƙƙi ba, kuma bai halatta ba.

Yanzu kwaɗo. Malamai sun saɓa a kan ƙarfin hanin. Shafi'awa da Hambalawa sun ɗauke shi hani na haramci, har suka kafa hujja da shi a kan haramcin cin kwaɗo. Malikawa sun ɗauke shi karhanci, kuma karhanci yana kauwa idan bukata ta zo. Wani zai ce to ai mu Malikawa ne, darasi kuma bukata ce. Ina ce masa ya sake duba hadisin. Wanda ya yi tambayar ba mai wasa ba ne, mai magani ne yana neman waraka ga marar lafiya, kuma duk da haka aka hana shi. Wasu malamai sun ce an hana shi ne domin akwai wasu magungunan da za su tsaya a madadinsa. Idan neman magani bai buɗe ƙofar ba matuƙar akwai madadi, darasin da zuciyar rago za ta wadatar da shi ba zai buɗe ta ba. Ga shi kuma kwaɗo ba ya cutar da kowa, ƙwari yake cinye mana a gona da bayan ɗaki. Abin da nake ba da fatawa da shi shi ne a daina kashe kwaɗo a sakandare. Idan ana son yara su ga siffarsa da tsallensa da yadda maƙogwaronsa ke motsi, a sa shi a gilashi da ɗan ruwa, a gama a mayar da shi inda aka ɗauko shi.

Buɗe cikinsa kuwa yana da rai yana jin zafi, wannan haramun ne, babu saɓani a kansa, ko kwaɗo ne ko ɓera. Muslim ya ruwaito daga Shaddad ɗan Aus cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, idan za ku kashe ku kyautata kisa, idan za ku yanka ku kyautata yanka, ɗayanku ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Ɗan shaƙen da ake yi wa dabba da auduga sau da yawa suma kawai yake sa ta, sai ta farfaɗo a kafe da allurai ciki a buɗe. Wanda ya taɓa ganin haka ya san ba ƙaramin abu ba ne. Haka nan jefa dabba da ranta cikin fomalin, ko tafasasshen ruwa, ko soke kyankyaso a kwali a bar shi yana motsi har kwana.

Abin da ya fi damuna a tambayarki ma shi ne aiken yara kamu. Yaro ɗan shekara 14 da aka ce gobe ya zo da ƙadangare ko ya sha bulala, da danƙo da dutse zai nemo shi. Zai karya uku kafin ya samu ɗaya mai kyau, ya ƙulle shi a leda ya kwana a jaka. Makaranta ta koya masa cewa rai abu ne da ake tsinta a yar, kuma wannan darasin zai riga na bayoloji zama a zuciyarsa. Annabi ya ga tsuntsuwa tana shawagi saboda sahabbai sun ɗauke mata 'ya'ya biyu, ya ce wa ya tayar wa wannan hankali da 'ya'yanta, ku mayar mata. Tarbiyyar da aka ba ku amana ke nan. Aiken kamun ɓera kuwa yana da wani laifin daban, domin ɓera ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, kuma har yau tana kashe mutane a ƙasar nan, musamman da rani. Tana kama mutum ta fitsarin ɓera da kashinsa da jininsa. Tura yaro ya kamo ɓeran gida da hannu jefa shi cikin cuta ne, kuma shari'a ta ce babu cuta babu cutarwa. Wannan a daina shi yau, ba sai an jira taron malamai ba.

Ba dukkan dabbobi ne hukuncinsu ɗaya ba. Ɓera yana cikin biyar ɗin da hadisin A'isha ya ce ana kashe su ko a cikin Harami, tare da kunama da hankaka da shirwa da kare mai cizo. Kashe shi halal ne tun asali, saboda haka amfani da gawarsa don darasi ya fi sauƙi, in dai farin ɓeran da ake kiwo don bincike ne, malami ya kashe shi da gaggawa ba a gaban yara ba, ɗaya ya ishi aji. Kyankyaso ma mai cutarwa ne. Ƙadangare kuwa ba tsaka ba ne, nassin da ya zo a kan tsaka bai hau kansa ba, bai kuma cutar da kowa ba, a bar shi. Zomo da kaza da tantabara, idan za a yi darasi da su, a yanka su yankan shari'a, a feɗe ba tare da an zuba musu sinadari ba, a gama a dafa a ci ko a bayar. Kashe su da magani yana mayar da su mushe, an haɗa ɗaukar rai da ɓarnar dukiya.

Jami'a hukuncinta daban. Ɗalibin likitanci ko likitancin dabbobi ko haɗa magani akwai abin da hannunsa ba zai iya ba sai ya yi, akwai kuma maganin da ba za a ba mutum ba sai an gwada. Wannan ya halatta, da sharaɗin a rasa madadi, a taƙaita adadi, a gusar da jin zafi kafin wuƙa ta taɓa, a ciyar da dabbar a shayar da ita muddin tana tsare. Masana kimiyya da kansu sun tsaya a kan kusan waɗannan sharuɗɗan tun 1959, lokacin da Russell da Burch na Ingila suka yi kira a musanya dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawanta, a sauƙaƙa mata wahala. Ɗalibin da aka wajabta wa aikin kwaɗo a jami'a, ba zai ci jarrabawa ba sai da shi, ya yi, babu laifi a kansa in sha Allahu, nauyin neman madadi yana kan masu tsara manhaja.

Ɗalibar da ta ƙi, kada a tilasta ta, kada a rage mata maki, kada a bari 'yan aji su yi mata dariya. A ba ta zane ko kayan kwata ta yi aikinta. Ke kuma abin da ya wuce kin yi shi ne bisa rashin sani da zaton aikinki ne, ki yi istigfari, Allah mai gafara ne. Daga yanzu abin da ke hannunki ki canja shi, abin da ke hannun shugaban makaranta ki kai masa da hujja da lissafi, domin kayan ciki daga kwata ba su da tsada. Idan hukumar jarrabawa ta turo sunan dabba a jerin abin da za a ajiye, makaranta ta nemi wadda aka riga aka adana, ko ta aro daga makwabciyarta, ko ta ajiye mai rai a sake ta bayan an tashi.

Game da tsarki, taɓa dabba mai rai ko matacciya ba ya karya alwala. A mazhabar Malik duk mai rai tsarkakakke ne. Mushen kifi da na abin da ba shi da jini mai gudana, kamar kyankyaso da fara, shi ma mai tsarki ne, haka nan kayan cikin dabbar da aka yanka. Mushen ɓera da na kwaɗon tudu najasa ne, jinin da ya kwarara ma najasa ne. Ki sa safar hannu da rigar aiki, idan wani abu ya taɓa jikinki ko tufafinki ki wanke wurin kafin ki yi salla, ɗan ɗigon jinin da bai kai faɗin dirhami ba kuwa an yi rangwame a kansa.

Wallahu a'alam.