Hukuncin sayen katin riga-kafi ba tare da an yi allurar ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Tafiya ce ta taso min zuwa ƙasar waje nan da sati uku, sai wanda yake min harkar biza yace dole sai da katin riga-kafi, wannan mai ruwan ɗorawan da ake cewa yalo kad, amma wai in bana so a tsira min allura in bashi wani abu kawai ya kawo min katin da hatimi da komai. Ni kuma dama zuciyata bata kwanta da allurar ba, lafiyata ƙalau, kuma naji ance akwai sinadarin alade a ciki, wani abokina ma cewa yayi neman magani tun ciwo bai zo ba rashin tawakkali ne. Dan Allah meye hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam warahmatullah. Toh ɗan'uwa abu uku ka haɗa a tambaya ɗaya, bari in fara da maganar abokinka tunda ita tafi sauƙin warwarewa, don an riga an yi ta tun zamanin sahabbai.

Sayyidina Umar (RA) ya fita zuwa Sham, yana isa wani wuri da ake kira Sarg sai shugabannin runduna suka tarbe shi da labarin annoba ta ɓarke a can, yayi shawara da Muhajirai da Ansar sannan yace a juya Madina. Abu Ubaida (RA) yace masa gudun ƙaddarar Allah za'ayi? Umar yace eh, muna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, ya kuma buga masa misali yace da kana da raƙuma ka sauka wani kwari mai gefe biyu, ɗaya kore shar ɗaya busasshe, ai duk inda ka kora su da ƙaddarar Allah ka kora su. Sai ga Abdurrahman bin Auf ya iso yace shi yaji Annabi (SAW) yace in kun ji labarinta a wata ƙasa kar ku shiga, in kuma ta faɗo kuna ciki kar ku fita don gudunta. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Kuma akwai hadisin wanda yaci dabinon ajwa guda bakwai da safe guba ko sihiri bazai cutar dashi ba a wannan ranar, kaga ai kariya ce tun abin bai zo ba, da irin wannan ne ma Sheikh Bin Baz ya kafa hujja cewa riga-kafi ba laifi. Abinda zai taɓa tawakkalinka shine ka ɗauka allurar ce da kanta take karewa ba Allah ba.

Maganar alade kuma ba ƙarya bace gaba ɗaya, amma yadda ake yaɗa ta ba haka take ba. Wasu alluran, ba duka ba, ana sa musu jelatin don kar maganin ya lalace, kuma wani daga fatar alade ake sarrafo shi. A 1995 malaman fiƙihu da likitoci sun zauna a Kuwait suka tafi akan cewa abinda aka sarrafa har ya canza daga asalinsa ya zama wani abu daban, wato istihala, ya tsarkaka, kamar giyar da ta juye da kanta ta zama kal, wato ruwan tsamin nan da ake cewa binega. Akwai malaman da basu gamsu cewa jelatin ya canza gaba ɗaya ba, suma dai sun halatta in babu madadi kuma akwai buƙata. Ni abinda nake gani, ka tambayi ma'aikacin lafiyan ko ka duba ƴar takardar dake cikin kwalin, in akwai wadda babu shi ka zaɓe ta, in babu kayi wadda ta samu ba komai a kanka.

Saura katin, nan ne nake so ka tsaya da kyau. Karɓar kati da hatimi alhali ba'a maka allurar ba haramun ne, kai da mai kawowa da wanda ya buga hatimin duk kun yi tarayya. Katin nan shaida ce a rubuce, akwai kwanan wata akwai lambar maganin akwai sa hannu, duk suna cewa anyi abinda ba'ayi ba, in ba shaidar zur ba to me sunanta? Kuɗin da zaka bayar cin hanci ne, sannan ga hadisin Muslim wanda ya ha'ince mu baya cikinmu. Wallahi abin yana bani mamaki, mutum yana tsoron ɗan jelatin da malamai suka yi saɓani akai, amma ƙaryar da ba wanda yayi saɓani akan haramcinta bata dame shi ba.

Kuma cutarwar ba a kanka kaɗai zata tsaya ba. Zazzaɓin shawara, wanda katin nan yake shaidar an yi allurarsa, sauro ne yake yaɗa shi a sassan Afirka da Kudancin Amurka, sai ya ciji mai ciwon ya kaiwa mai lafiya, shi yasa ƙasashe ke tambayar katin a filin jirgi don kar wani ya shigo musu dashi a jininsa bai ma sani ba. Haka sanƙarau, a aikin hajjin 2000 da 2001 ya ɓarke, alhazai suka koma dashi gida har Ingila da Faransa iyalansu da basu je ko'ina ba suka kamu, bayan nan ne Saudiyya ta wajabta allurar mai kare nau'i huɗu. Cewa lafiyarka ƙalau ba hujja bace, sanƙarau mutum na iya ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro yana yawonsa lafiya lau yana rabawa mutane, Annabi (SAW) kuwa yace ba cuta ba cutarwa.

Don haka allurar a asali halal ce, in ƙasar da zaka ta shardanta ko kuma akwai hatsari na gaske ta zama dole a kanka matuƙar zaka yi tafiyar. Wanda yake da uzuri, kamar mai ciki, ko jariri ƙarami, ko wanda garkuwar jikinsa tayi rauni, ko wanda jikinsa baya karɓar ƙwai, likita zai gani ya duba shi, in ya cancanta ya bashi takardar uzuri ta gaskiya.

Kai dai sati ukun nan ya ishe ka amma kar ka ja lokaci, katin shawara baya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 sau ɗaya ake yinta ta isa har ƙarshen rayuwa. In kaje wurin allurar ka faɗa wa ma'aikatan sunan ƙasar da zaka, ka tambaya ko kana buƙatar ta taifod da ta ciwon hanta da maganin maleriya. Ko da azumi a bakinka allura irin wannan bata karya shi. In kuma ka riga ka bashi kuɗin to kace ya barshi, kayi istigfari, kaje a maka ta gaske.

Wallahu a'alam.