Rufin jirgin ruwa ya ruɓe a gindin sandar filafilai

Malam, ka ce katakon rufin jirginka ya yi laushi daidai inda sandar filafilai ta ratsa, ko shafa kwalta zai wadatar? Ba zai wadatar ba. Cire sandar, ka yanke ruɓaɓɓen har ka tarar da katako mai ƙwari, ka sa sabon maɗaci, ka tokare shi ta ƙasa, domin duk iskar da ta bugi filafilan, a wurin take sauke ƙarfinta.

Amma ka bari sai hunturu, katakon ya bushe ƙayau. Nawa a Yauri da damina na liƙe shi, ashe ruwa na rufe a ciki. Kafin kaka na soka ƙusa da hannu, ta shige kamar cikin dafaffen rogo. Kwaltar a bakin ramin sandar kawai za ka sa, da tsumma.